Ragon da Ya Ƙi Garke

Ina 'yar shekara tara Baba ya sayar da ragona a kasuwar Ajingi. Malamin Turanci ne, kuma tsohuwar kwamfutar da yake buga tambayoyin jarrabawa da ita ta koma sai an sha shayi an gama kafin ta farka. Mai gyara ya ce a ƙara mata wani abu da ake kira ram, wanda zai sa ta sauri.

Washegari da la'asar ya dawo daga Kano, ya ɗora mini wani koren abu kamar mataji a tafin hannu.

"Ga ragonki, Uwata. A Turance sunansu ɗaya, ram. Duba ƙamus."

Na duba. Bai yi ƙarya ba.

Ya kwance gefen akwatin kwamfutar, warin roba mai zafi ya taso. Ya gwada ta nan, ya juya ta can. Tsagar gindin abin ta kauce wa gurbinsa da faɗin farce. Na zamani ya sayo, injin kuwa ya tsufa.

"To, ya ƙi garken," ya ce, ya ɗauki biro ya hau rubuta tambayoyin da hannu.

Har yau da koren abin nan nake sa alama a littafi. Ba ya cin dusa. Ba ya kuma biyo ni in na kira shi.