Jirgi Mai Lamba Tara

Tun da aka daina sa matuƙa a ƙananan jiragen haya masu kujera ɗaya, mutanen tashar Gusau suka ɗauki wata al'ada: kafin ka shiga jirgi, sai ka nemi gafarar wanda ya yankar maka tikiti.

Laraba ce a teburin tikiti ranar da Injiniya Sallau ya zo zai tafi Funtuwa. Shi ne ya sa hannu bara cewa na'urar da ke tuƙa jirgi mai lamba tara lafiyarta lau, wai mijin Laraba ne ya taɓa sitiyarin gaggawa, jirgin ya faɗa gonar dawa ya kashe shi. Saboda rahoton nan aka ciccire sitiyari daga kowane jirgi. Lamba tara kuwa aka yi masa sabon fiffike da fenti, ya dawo aiki.

"Malama, wanne ne a layi?"

Jirage uku ne a ƙasa. Ta miƙa masa tikiti. "Tara."

Ya dubi tikitin. "Babu wani?"

"Me ya sami wannan, ranka ya daɗe? Ai da hannunka ka rubuta lafiyarsa lau."

Fasinjoji suka zuba masa ido. Dole ya shiga ya zauna. Inda sitiyari yake a da, rami ne an toshe shi da baƙar roba, hannunsa sai laluben wurin yake.

"Malama Laraba, ki yafe ni."

Kullum sau ɗari take cewa Allah ya yafe mana. Yau ta taso, ta rufe masa ƙofar da kanta, ta koma teburinta.

"Na gaba!"