Jan Farce a Murfin Taimin

Tun da hantsi Malam Yusha'u ya sunkuya a kan tsohuwar Golf ɗin, bayansa na ciwo kamar an daka shi a turmi. Shekara talatin ke nan yana gyaran mota a ƙarƙashin dalbejiyar nan ta bakin titin Bungudu. Wallahi ya gaji. Ya gaji da warin baƙin mai, ya gaji da masu mota da surutunsu, ya fi gajiya da tambayar da Inna Delu, mahaifiyarsa, take yi masa kullum ya shiga gida: ko an ji wani abu?

Shekara huɗu ke nan da ƙanensa Mas'udu, direban haya, ya ɗauki fasinja zuwa Kucheri bai dawo ba. Ba a kira waya ba, ba a ga gawa ba, ba a ga mota ba. Matarsa ta jira har ta gaji, alƙali ya raba auren. Inna ce kawai ta ƙi yarda a yi sadaka, ta ce sai ta ga abin da za ta binne.

Wanda ya kawo motar yau wani siririn mutum ne mai jajayen idanu, rigarsa na ƙaurin hayaƙin itace. Ya ce daga Tsafe yake.

"Duk garejin Gusau ka wuto, ka taho nan?" in ji Yusha'u.

"Nan aka ce in kawo ta."

Ya miƙo leda. Sabon bel ɗin taimin ne, mai daidaita juyin inji, da tanshina mai ɗaure shi, da famfon ruwa, har da oyil sil biyu masu hana mai yoyo. Yusha'u ya ɗan yi mamaki. Direbobin yanzu bel kaɗai suke saya, sai ka yi ta faɗa da su kafin su yarda a canza sauran. Wannan kuwa kamar wanda ya zauna a gabansa aka karanta masa.

Ya shiga don ya ja bonet, ƙafarsa ta kasa kaiwa feda, an tura kujerar can baya. Mita tana nuna kilomita dubu ɗari uku da tara da 'yan kai. A kujerar baya jarkokin fetur ne shida da buhun burodi, an lulluɓe da tabarma. Ya kau da kai. A wannan ƙasa tamu kowa ya san inda irin wannan kaya yake zuwa, kowa kuma ya san amfanin yin shiru.

Ya kwance kusoshi, ya zare murfin bel, ya kifa shi zai ajiye. Sai hannunsa ya tsaya.

Yusha'u yana da wata al'ada da abokan sana'a suke yi masa tsiya a kanta. Duk motar da ya canza wa bel, yakan rubuta a cikin murfin, da jan farcen mata, lambar da mita za ta kai kafin a sake wani. Ga rubutunsa nan a karkace, ya dushe amma yana karantuwa: 310,000. A gefe kuma harafin M. Ranar da ya rubuta, Mas'udu na tsaye a kansa da dogayen ƙafafunsa, yana dariya yana cewa Yaya ya koma kwalliya da tsufansa.

An sake wa motar fenti, an sake lamba. Ba wanda ya tuna da cikin murfi.

Ya saci kallon mutumin. Yana zaune a benci yana ɓare gyaɗa hankalinsa kwance. To, ga shi nan. Shekara huɗu Yusha'u yana neman fuskar da zai tsana, yau ta zo da ƙafarta har tana zubar masa da ɓawo a wurin aiki.

Ya cire tsohon famfo, ya goge wurin, ya ɗora sabo. Ya daidaita alamomin taimin, haƙori da haƙori, ya zura bel. Da ya zo kan kusar tanshina, wadda ita ke riƙe da komai, ya murɗa ta rabi ya bari. Ya san aikin hannunsa. Motar za ta wuce Gusau lafiya lau, amma ba za ta ga Tsafe ba. Bel zai zame, inji ya mutu a tsakiyar titi.

Da aka kira azahar ya ɗauki buta ya zagaya bayan gareji. Can ya kira Buba, tsohon abokinsa da ke cikin 'yan sa kai a hanyar Tsafe, ya faɗa masa launin mota da lamba da abin da ke kujerar baya. Buba ya ce duk wanda suka tarar a ciki ba sai an tambaye shi sunansa ba. Yusha'u ya ce ya sani.

Bai ji daɗi ba, bai kuma ji tsoro ba. Gajiya ce kawai ta ƙaru. Amma dai yau zai samu abin da zai faɗa wa Inna.

Ya mayar da murfi ya rufe bonet. Mutumin ya matso da kujera gaba, wai da ƙyar ya tuƙo ta a haka, ya murɗa makulli, inji ya tashi sumul. Ya hau kwalta, sannan ya leƙo ta taga, mota na tafiya.

"Af, na kusa mantawa. Oga Mas'udu yana jirana a Gusau, shi zai ja mu zuwa Tsafe. Ya ce in faɗa maka ya cika alkawari, bai bari ta wuce lambar da ka rubuta ba, kuma a gaishe mashi da Inna."