Hutun Mako Uku a Ƙasar Maya

Tun shigowar watan Rajab, a shekarar 1976, taswirar take shimfiɗe a kan teburin cin abinci, an danne gefunanta da kofunan shayi, har Rahamatu mai aikin gidan ta rasa inda za ta ajiye kwanon miya.

Maigidan injiniya ne a Tashar Jiragen Ruwa ta Jidda, Bature mai jan wuya, wanda in Juma'a ta zo ba shi da aiki sai goya tulun iska ya nutse cikin Bahar Maliya kallon kifi. Matarsa, da kowa ke kira Madam, 'yar Meziko ce, kuma can za su hutu. Kwana biyar a bakin teku mai farin yashi, mako guda a wani tsibiri inda maigida zai yi ta nutso cikin murjani, daga nan su shiga daji su ga kufan mutanen Maya, masu gine-ginen dutse da matakala har sama. Mako uku cif, in ji Madam da Larabcinta mai ɗingishi. Su biyu da yarinyar gidan, Zakiya.

Zakiya shekararta shida, murna kuwa ta hana ta zama. Wuni take yi da tabarau na nutso a fuska tana iyo a kan kafet, Madam na dariya tana kiran sunanta sau ɗari. Rahamatu ba ta dariya. Shekara shida ke nan tana girki da wanki a gidan, tun da ta ƙetaro daga Sudan mijinta ya rasu a hanya, amma ba wanda ya taɓa ganin ta ɗauki yarinyar ko ta yi mata wasa. Iyakarta "ke, zo ki ci." Madam ta daɗe da yanke hukunci cewa kukunta ba ta son yara.

Duk da haka Rahamatu ce hankalinta ya fara tashi. Ita ke haɗa kaya, ta kuma ga abin da ake sakawa. Wane irin hutun mako uku ne ake tafiya da hotunan bango? An sauke labulaye. An kyautar da kyanwa. Rannan Madam ta kawo wata takarda ta sa ta dangwala babban yatsa, ita kuwa ta ɗauka zancen iƙama ne, takardar izinin zama, tunda maigida ne kafilinta mai tsaya mata a hukuma.

Dela, mai guga a gidan maƙwabta, ita ta fasa mata maganar a bakin famfo.

"Aikin kamfanin maigidanki ya ƙare, halas. Direbansu ma an ce ya nemi wani kafili. Wallahi, Yaya, in yarinyar nan ta hau jirgi kin gama ganinta. Ki yi magana!"

Rahamatu ta koma ciki. Tsoro ne ya kama ta sosai. Sau uku tana tsayawa bayan Madam da niyyar magana, sau uku tana ƙarewa da tambayar abin da za a dafa. Ta ɗinka wa yarinyar laya cikin ƙugun siket don tsoron ruwa da aljanun kufai, ta ce wa ranta a filin jirgi dai ba za ta yi shiru ba.

Ranar tafiya da hantsi suka isa filin jirgi na Kandara, akwati tara, Rahamatu na biye da ƙaramar jaka. Wurin cike yake da maza: 'yan dako, 'yan kasuwa, har da wasu dattawan Hausawa na unguwar Sa'alaba da suka rako ɗan'uwansu, waɗanda ta durƙusa ta gaishe su.

Jami'in da ke duba fasfo ya buɗe na Madam, ya ga sunan yarinya a ciki. Ya dubi Madam, ya dubi baƙar fatar Zakiya, ya sake duban Madam. Ya karanta takarda mai dangwalen yatsa, bai gamsu ba. Hatimin na hannunsa bai buga ba. Ya ɗaga kai ya hango Rahamatu.

"Ya hajja, matso. Yarinyar nan taki ce?"

Dattawan Sa'alaba suka juyo. Kalma ɗaya ake nema a bakinta, ta kuma san haka. Ta ji kunya ta taso mata tun daga tafin ƙafa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta sunkuyar da kai.

"Ta Madam ce," ta ce.

Hatimi ya sauka. "Yalla, ku wuce," in ji jami'in. Zakiya ta wuce tana tsalle, ta waiwayo sau ɗaya ta ɗaga hannu, sai ƙofa ta rufe.

Rahamatu ta tsaya a wurin har aka kira Azahar, tana kuka ba sauti. A garinsu, mace mai tarbiyya ko sunan 'yarta ta fari ba ta kira, balle ta buɗe baki a gaban maza ta ce ita ta haife ta.