Motar da Ba Ta Taɓa Lalacewa Ba

Saura kwana biyu garantin motarta ya ƙare, kamfanin ya aiko yana tambaya ko za ta sabunta. Shekara biyar tana biya, motar ko tari ba ta taɓa yi ba. Kafin ta sa hannu, ta kai ta wurin wani bakanike a bayan kasuwar birnin Novi Sad.

Ya daɗe a ƙarƙashin motar, ya fito yana goge hannu.

"Malama, wa ke miki gyara?"

"Ba kowa. Ba ta taɓa lalacewa ba."

Ya kwashe da dariya. "Haba dai! Birki sabo, famfon ruwa bai shekara ba. Kuma aikin tsohon hannu ne. Ko aljanu kika ɗauka aiki? Wa kike ba mukulli?"

Ta buɗe baki za ta ce ba kowa, sai ta tuna. Akwai mahaifinta, tsohon direban bas, wanda ta hana shi sa mata baki tun da aurenta ya mutu. Duk Asabar yakan ari motar, wai zai je kamun kifi a kogin Danube. Yakan dawo a gajiye, hannayensa na ƙamshin sabulu, kuma bai taɓa kawo kifi ko ɗaya ba.

Nan take ta buga masa waya.

"Baba, Asabar ɗin nan tare za mu je kamun kifin."

 Tsohon ya yi gyaran murya.

"To, ki sako tsofaffin kaya."