Kaset ɗin Bama

In Babakura zai ba da labarin nan, da zagin kansa yake farawa. "Gwani!" zai ce, yana nuna ƙirjinsa. "Gwanin banza."

Shagonsa yana unguwar Wulari, inda yake juye tsoffin kaset na bidiyo a kan faifan sidi. Shekarar da Bama ta faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya aiki ya yi masa yawa, don duk wanda ya tsira da kaset a ƙullin kayansa wajensa yake kawowa. Shi kuwa ba juyewa kawai yake yi ba, wannan ai aikin 'yan koyo ne. Gyarawa yake yi. Inda kyamara ta girgiza ya yanke, inda ta haska ƙasa ya yanke, surutun banza kuma ya rufe shi da kiɗan ganga. Ba wanda ya sa shi fa.

Wata safiya wata mata mai suna Hajja ta shigo, ta kwance bakin lafayarta ta ajiye kaset. Ruwa ya taɓa shi a hanyar gudu har ya yi fumfuna. A jikinsa an rubuta: Bikin Umara da Falmata, 1998.

"Mijina yana ciki," ta ce. "A Bama aka kashe shi. Ba ni da hotonsa ko ɗaya, mutum ne da bai cika tsayawa a ɗauke shi ba. Wallahi na fara manta fuskarsa."

"Ya Hajja, kin zo inda ya dace," in ji Babakura.

Bai tambaye ta komai ba, gwani ba ya tambaya. Sunan da ke jikin kaset ma bai dame shi ba, ai a Borno kowace Falmata in ta kwana biyu Hajja take komawa.

Ya goge kaset ɗin da auduga, ya san sau ɗaya kacal zai juya. Haka kuwa aka yi. Hoton yana gama shiga kwamfuta, zaren ya tsinke ya dagargaje a cikin inji.

A cikin bidiyon, ango dogo ne, kyakkyawa, ya sha babbar riga. Amarya ta fi Hajja tsawo nesa ba kusa ba, amma Babakura ya ce a ransa, wahala ba abin da ba ta rage wa mutum.

Abu ɗaya ya ɓata masa rai: mai ɗaukar bidiyon. Sau uku yana juyo da kyamara yana goge gilashinta da hularsa, hancinsa ya cika allo, yana washe wushirya. Ga surutu kamar aku. "Ku matso! Ango, yi murmushi mana!" Babakura ya ja tsaki, ya yanke hancin nan sau uku, muryar kuma ya binne ta da ganga. Ya rage gudun hoto a kan fuskar ango don baiwar Allah ta kalla ta more. Da ya juye a faifai ya goge na asali kamar yadda ya saba, don kwamfutar tasa ba ta da wuri.

Ranar Laraba ta dawo. Ya ba ta kujera, ya kunna, ya harɗe hannu yana jiran hawaye da godiya. Minti arba'in tana kallo, ta miƙo wuya, ko ƙiftawa ba ta yi. Ango ya wuce a hankali, ba ta motsa ba. Faifai ya ƙare.

"Mayar da shi farko," ta ce.

Ya mayar. Ya sake ƙarewa.

"Ɗana, ina wajen da ake goge gilashi?"

"Ai na cire miki duk wannan dattin," ya ce, har da ɗan murmushinsa. "Ga mijinki nan tas, ba mai tare shi."

Ta juyo ta dube shi.

"Umara maƙwabcinmu ne," ta ce a hankali. "Ba'ana, mijina, shi ne ya riƙe kyamarar."