Ƙyauren Gidan Goggo

Tunda ka ce aikin naka ya haɗu, ba sai wani ya sa masa ido ba, bari in ba ka wani misali, in ya so ka yi yadda ka ga dama.

A wani gari matasa sukan taru duk shekara a ɗakin karatu na unguwa, su shafe ƙarshen mako suna ƙirƙirar gajerun wasannin kwamfuta, irin waɗanda labari ne ake shiga cikinsa: ka buɗe ƙofa, ka yi magana da wani, ka zaɓi hanya, labarin ya ci gaba. Suna da al'ada biyu. Ta farko suna ce mata ɗanɗano. In aiki ya kai rabi, kowa sai ya tashi ya bar wa na kusa da shi kujera ya taɓa wasan, kamar yadda mai girki ke miƙa ludayi a ji mata gishiri. Ta biyu kuwa ta ranar nuni ce: a haska wasa a bango, wani daga cikin jama'a ya buga, mai wasan ya zauna ya kama bakinsa har lokacin da aka ba shi ya cika.

A cikinsu akwai wani gwani, gwanin gaske, ba zan rage masa komai ba. Matsalarsa guda, ya san shi gwani ne. Wasansa a kan gidan da ya tashi ne, wani tsohon masaukin fatake a ƙauyensu, gidan da ake cewa bai taɓa mai da baƙo ba. Kafin taron ya je ya ɗauko muryar goggonsa, yayar mahaifinsa, wadda ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga zamanin. Ya zuba muryarta a kowane lungu na cikin gidan a wasan. Ka shiga madafa, ta ba ka labarin tukunyar da ba a sauke ta daga murhu. Ka leƙa turke, ta faɗa maka yadda jakuna ke cika shi ranar jajiberin kasuwa. Ya yi mata alkawari cewa jama'a za su ji ta, ita kuma ta riƙe alkawarin da hannu biyu.

To, zauren gidan nan yana da wani ƙyaure da ya sauka ya zauna a ƙasa tun kafin a haifi gwanin, sai an ɗan ɗaga shi sannan a tura. Shi da ya girma da hakan, a wurinsa haka ake buɗe ƙofa a duniya. Haka ya sa ta a wasan, ka ja sama sannan ka tura, bai rubuta ko kalma ba, bai bar wata alama ba. Da lokacin ɗanɗano ya yi, wadda ke kusa da shi ta matso da kujerarta. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce yana gyara inuwar bishiya, ɗanɗano ai na masu koyo ne. Baiwar Allah ta ja kujerarta ta koma.

Ranar nuni Goggo ta biyo motar kasuwa ta zo, ta ɗaura zanenta na fita unguwa. Idonta ya yi rauni, saboda haka aka zaunar da ita a gaba kusa da lasifika. Aka haska wasan. Mai bugawa ya isa ƙofar zaure ya tura, shiru. Ya ƙwanƙwasa, ya ɗaga tabarma ko an ɓoye mabuɗi, ya zagaye gidan ya dawo. Wani ya karɓe shi, shi ma haka. Jama'a suka yi ta jefo shawara, kowa da tasa, babu wanda ya taɓa kwana a gidan balle ya san halin ƙyauren. Gwani na zaune, doka ta ɗaure masa baki. Can Goggo ta karkato tana tambayar na kusa da ita ko an kusa zuwa inda muryarta take. Lokaci ya cika. Aka yi masa ɗan tafin nan na tausayi, wani ma don ya kyautata masa ya ce ƙofar ta yi kyau ƙwarai.

Da aka watse ya je ya durƙusa a gaban Goggo, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige, ya yi mata bayani. 

"Wato baƙi ne suka tsaya a ƙofar gidanmu, kana zaune kana kallo?" in ji ta. "Ai mu ma mun san taurin ƙyauren nan. Shi ya sa kakanka da ya ji motsin baƙo yake tashi ya buɗe da kansa."

Ya ce ta yi haƙuri, in sun koma gida zai kunna mata duka, ita kaɗai. Ta gyara mayafinta ta ce, "Ni ai na san labarin, ɗana. Mutane na so su ji."

Abin da ya hana a ji ta bai wuce magana ɗaya ba, "ƙyauren nan sai an ɗaga," kuma da ya bari an ɗanɗana, mutum na farko zai nuna masa. Shi ya sa Hausawa suka ce ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.