Fito a Bayan Ƙofa

Tana tsaka da guga ta ji fito a bayan ƙofa. Ta tsaya cak. Karin nan ne dai, wanda tsohon mijinta yake yi yana hawa matakala duk ranar da zai dake ta.

"Wayyo Allah, ya gano mu!"

Shekara biyu ke nan da ta ɗauke 'yarta ta gudu. Tun lokacin take cika wa yarinyar kunne da waƙoƙi masu daɗi don ta manta da wancan karin, ita da kanta take zaɓa: ta wanka daban, ta barci daban. Yanzu kuma yarinyar na waje tana wasa, daidai inda fiton yake tahowa.

Ta finciki dutsen guga da zafinsa. Fiton ya matso. Hannun ƙofa ya juya. Ta ɗaga dutsen sama.

Yarinyar ce ta leƙo, baki a tsuke, ido cike da murna.

"Mama, kin ji? Na iya! Wannan ta fi duk waƙoƙinmu daɗi. Me ya sa ba kya rera min ita?"